Tarkon imel: Kafin ka danna "aika", ka san inda saƙon zai sauka?

Yau zan ɗan ajiye batun siyasa da rigingimun TikTok, in kawo muku wata kalma da na tsinta a bakin masu rubuta manhaja. Ba a aji na koye ta ba, sai da muka sha kunya tukuna.

A zangon karatun da ya wuce, ƙungiyar ɗalibai ta sashenmu ta yanke shawarar daina karɓar kuɗin ƙungiya hannu da hannu. Wani abokina da ke karantar kimiyyar kwamfuta ya ce zai haɗa mana 'yar manhaja kyauta: ka biya, ta rubuta sunanka, ta tura maka rasit ta imel. Ni ne mai magana da yawun ƙungiyar, don haka ni na miƙa masa jerin sunaye da adireshin imel na 'yan sashen. Wani dare yana gwaji, sai ya danna maɓalli ɗaya don ya ga ko rasit ɗin zai fito da kyau. Ya fito da kyau kam, amma a wayar kowa ya fito. Kafin gari ya waye, da wanda ya biya da wanda ko sisi bai bayar ba, kowa na riƙe da shaidar cewa ƙungiya ta karɓi kuɗinsa.

Kwana uku na yi ina ba da haƙuri a guruf. Wasu suka ɗauki abin da raha, wasu kuma suka tsaya kai da fata cewa sun biya, ga rasit. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ma'ajinmu, domin har aka samu masu cewa to in dai ga rasit, ina kuɗin? Yaron da ya yi mana aikin don zumunci kuwa, sai da ya yi mako yana kauce wa hanyar sashenmu.

Da muka kai kukanmu wurin wani yayanmu da ke aikin rubuta manhaja, tambaya ɗaya ya yi wa abokin nawa: "Kai, ba ka sa tarko ba?"

Mene ne tarkon imel?

Masu sana'ar suna kiransa "mail catcher" ko "mail trap" da Turanci. Da Hausa ni dai tarkon imel nake ce masa, don aikinsa ke nan. Manhaja ce da ake ɗanawa tsakanin manhajar da kake gwadawa da sauran duniya. Duk saƙon imel ɗin da manhajarka ta tura, tarkon zai cafke shi, ya ajiye maka ka duba, amma ba zai bari ya isa ga kowa ba.

Mu 'yan aikin jarida abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kafin a bar ɗalibi ya karanta labarai kai tsaye a rediyo, sai ya zauna a ɗakin gwaji, ga makirufo, ga jan fitila, ga malami na saurare. Komai kamar gaske, illa dai muryar ba ta fita zuwa gidajen mutane. In ka yi tuntuɓen harshe ko ka kira sunan gwamna ba daidai ba, ku uku ne kawai kuka ji. To haka tarkon imel yake ga mai rubuta manhaja.

Ga yadda yake aiki a sauƙaƙe. Idan banki ko makaranta ko shagon intanet ya turo maka imel, ba mutum ne ya zauna ya rubuta maka ba. Manhaja ce ta haɗa saƙon, ta miƙa shi ga wata kwamfuta da ake kira sabar, wadda ita ce kamar gidan waya. Ita sabar ce ke neman akwatinka a Gmail ko Yahoo ta jefa saƙon. Ƙa'idar da suke bi wajen wannan miƙa-miƙa sunanta SMTP, kuma tsohuwa ce, tun 1982 wani masani ɗan Amurka mai suna Jon Postel ya wallafa ta. A cikin saitin kowace manhaja akwai inda ake rubuta adireshin gidan wayar da za ta kai wa saƙonni. Abin da mai gwaji zai yi kawai shi ne ya cire adireshin gidan waya na gaske, ya sa na tarko. Tarkon zai karɓi saƙon, ya amsa cewa ya karɓa kamar yadda sabar ta gaske ke yi, manhajar kuma ta ɗauka aikinta ya cika. Saƙon kuwa yana nan bai je ko'ina ba.

Irin waɗannan manhajoji suna da yawa. Akwai MailCatcher, akwai MailHog, akwai Mailpit, dukansu kyauta ne, kuma a kan kwamfutarka kake ɗora su. MailCatcher, alal misali, tana karɓar saƙonni ta ƙofa mai lamba 1025, kai kuma ka buɗe burauzarka a ƙofa mai lamba 1080 ka ga abin da ta kama, a jere kamar akwatin imel ɗinka na kullum. Akwai kuma Mailtrap ta kamfanin Railsware, wadda ita a intanet take, ta yadda mutum biyar da ke aiki ɗaya daga garuruwa daban-daban za su iya leƙa tarko guda. Wanda ya san abin da yake yi, ɗana tarkon ba zai ɗauke shi tsawon lokacin shan shayi ba.

Kada a rikita shi da kutse

Na san wasu da jin "kama imel" hankalinsu ya tafi wani wuri. Da na yi maganar a ɗakinmu, nan take wani ya ce, "Wato da shi zan iya karanta saƙonnin budurwata?" A'a, malam. Tarkon imel ba ya shiga akwatin kowa, ba ya tare saƙon da wani ya tura wa wani. Abin da manhajarka ta kawo masa da kanta, bisa saitin da kai ka yi, shi kaɗai yake gani. Tare saƙon mutane ba da izini ba wani abu ne daban, kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015.

Haka nan akwai wani tarkon da masu yaƙi da saƙonnin banza ke ɗanawa. Su adireshin imel suke ƙirƙira wanda ba na kowa ba, su bar shi a fili. Duk wanda ya tura masa saƙo, sun gane cewa tsintar adireshi yake yi yana watsa wa mutane tarkace. Wancan don kama masu damun jama'a aka yi shi. Namu na yau kuwa don ka kama kuskurenka ne tun yana cikin gida.

Me ake dubawa a cikin tarkon?

Da farko, wa aka tura wa? Da abokina ya buɗe tarko ya ga saƙonni sun cika fuskar kwamfutarsa maimakon ɗaya tak, da tun a nan ya gane cewa maɓallin nasa kowa yake bi. Sai kuma sunan mai karɓa. Kun sha ganin saƙon da ke fara wa da gaisuwa, sai a wurin suna ka ga wasu baƙaƙe da alamomi, ko ka ga sunan wani daban. Wannan alamar ba a duba ba ce. Ana duba mahaɗin da aka ce ka danna, ko yana kai mutum inda ya dace. Ana duba takardar da aka liƙa wa saƙon, ko tana buɗewa. Ana duba yadda saƙon ke fitowa a ƙaramar fuskar waya, tunda yawancinmu a waya muke karanta komai.

Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa: haruffanmu masu lanƙwasa. Idan ba a saita manhaja a kan tsarin haruffa na UTF-8 ba, ƙ da ɗ da ɓ sukan koma alamar tambaya ko wasu 'yan akwatuna. Ka rubuta "ƙasa", mai karatu ya ga abin da ba ya karantuwa. In kuma ka gudu daga matsalar ka rubuta "kasa", ma'ana ta canza. Mai son tura wa jama'a saƙo da ingantacciyar Hausa, a cikin tarko zai ga wannan aibin kafin dubban mutane su gani.

Ba mu kaɗai ba ne

Bayan abin ya faru na shiga bincike, sai na tarar manya ma sun sha faɗawa wannan rami. A ranar 17 ga Yunin 2021, masu biyan kuɗin kallon finafinai a HBO Max ta Amurka suka ga wani imel mai taken "Integration Test Email #1", ba komai cikinsa sai layi ɗaya da ke cewa na gwaji ne. Kamfanin ya fito a Twitter ya ba da haƙuri, ya ce ɗan koyon aiki ne ya yi kuskuren, kuma suna taimaka masa ya wuce wurin. Abin sha'awa, sai mutane suka yi ta rubuta wa ɗan koyon aikin saƙonnin ƙarfafa gwiwa, kowa na ba da labarin irin ɓarnar da ya taɓa yi a wurin aiki.

Wancan ya ƙare da dariya domin saƙon fanko ne. Amma ba kullum ake dacewa haka ba. A watan Disambar 2011 jaridar New York Times ta shirya saƙo don mutum kusan 300 da suka daina karɓar jaridar a gida, sai ya tafi ga sama da mutum miliyan 8. Da farko ma jaridar cewa ta yi ba daga gare ta saƙon ya fito ba, daga baya ta dawo ta amsa cewa kuskurenta ne. A watan Maris na 2009 kuma, Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ta tura saƙon taya murna ga duk masu neman gurbin karatu, kimanin 46,000, alhali kusan 28,000 daga cikinsu ba a ɗauke su ba. Duk wanda ya taɓa kwana yana duba shafin JAMB ya san nauyin wannan. Ka yi tunanin ka nuna wa mahaifiyarka saƙon, an yi guɗa, an kira dangi, bayan 'yan sa'o'i a ce maka a yi haƙuri.

Waɗannan biyun ba saƙon gwaji ba ne, kuskuren zaɓen jerin sunaye ne. Amma ciwon ɗaya ne: an danna maɓalli ba tare da an fara ganin inda saƙon zai sauka ba. Mafi muni shi ne na jihar Hawayi a ranar 13 ga Janairun 2018, inda ana cikin atisaye aka tura wa wayoyin jama'a gargaɗin cewa makami mai linzami na tafe, a nemi mafaka. Sai da aka yi minti 38 kafin saƙon gyara ya biyo baya. A cikin wannan lokacin mutane har bankwana suka yi ta yi da iyalansu.

Laifin wa?

Ga inda nake so mu tsaya. Duk lokacin da irin wannan ta faru a wurinmu, abu na farko shi ne a nemi wanda ya danna. A zage shi, a yi masa sikirinshot, a yaɗa. Mu ma haka muka yi wa abokina, kuma ina ganin ba mu kyauta ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ɗan koyon aiki zai iya tura wa dukkan kwastomomi saƙo da dannawa ɗaya yana cikin gwaji, to wanda ya tsara wurin aikin ne ya bar ƙofa a buɗe. Mai koyo dole ya yi kuskure, da shi ake koyon. Aikin manya shi ne su tanadi inda kuskuren ba zai cutar da kowa ba. A namu labarin, ni da na ɗauki adireshin mutane na gaske na miƙa don a yi gwaji, laifina bai gaza na wanda ya danna ba. Ban tambayi kowa izini ba, ban kuma tambayi abokina yadda zai kare su ba.

Wani zai ce ai ƙaramar ƙungiya ce ko ƙaramin shago, ina ruwansu da waɗannan tsare-tsare na manyan kamfanoni? Ni kuwa a ganina ƙaramin ne ya fi bukata. HBO Max tana da ma'aikatan da za su mayar da kuskure abin raha cikin sa'a guda. 'Yar kasuwar da ke sayar da atamfa ta intanet, in manhajarta ta tura wa kwastomomi cewa an cire musu kuɗi alhali ba a cire ba, ba ta da kowa. A ƙasar da kowa ke tsoron 'yan damfara, saƙon kuskure ɗaya ya isa a ce mata 'yar 419 ce, a toshe lambarta. Kuma tarkon kyauta ne, ba a ce sai ka sayi komai ba.

Sannan yanzu batun ya wuce kunya kaɗai. Tun watan Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC da ke kula da ita. Sunan mutum da lambarsa da adireshin imel ɗinsa amana ne a hannun wanda ya karɓa, ba kayan wasan gwaji ba. Masu tsara intanet ma sun yi wa wannan tanadi: tun 1999 aka keɓe sunaye irin su example.com don misali da gwaji, ba za a taɓa sayar wa kowa su ba. Mai gwaji na iya ƙirƙiro sunayen bogi ɗari a kan irin wannan adireshi ba tare da ya taɓa mutum ko ɗaya ba.

Gaskiya kuma, tarko ba maganin komai ba ne. Ba zai tabbatar maka cewa Gmail ba za ta jefa saƙonka cikin kwandon tarkace ba, wannan wani gwajin ne daban. Akwai kuma kuskuren da ke zuwa ta ɗaya gefen: a gama gwaji, a buɗe manhaja ga jama'a, a manta ba a cire tarkon ba. Sai mutum ya manta kalmar sirrinsa, ya nemi a turo masa sabuwa, ya yi ta jira, saƙon kuwa na can kwance a tarko. Shi ya sa masu sana'ar ke raba saitin gwaji da saitin aiki na gaske, kowanne da wurinsa, ba a cakuɗa su.

Ga masu koyo, da mu 'yan soshiyal midiya

Matasanmu da dama sun shiga koyon rubuta manhaja, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wasu a cibiyoyin fasaha na Kano da Kaduna da Jos, wasu kuma daga YouTube da datar dare. Shawarata gare ku, ranar da kuka fara rubuta abin da zai tura saƙo, ranar za ku ɗana tarko. Masu koyarwa kuma don Allah ku sa shi cikin darasin farko-farko. Kamfanonin da ke karɓar ɗalibai 'yan SIWES, kada ku damƙa wa yaro makullin jerin kwastomominku sannan ku zo kuna kuka da shi. Shugabannin ƙungiyoyi irina, kafin ku ba da sunayen mutane, ku tambayi mai aikin: in ka danna, ina zai je?

Kai da ba ka rubuta manhaja, kada ka ce ba ruwanka. Wayar da ke hannunka ma injin watsa saƙo ce, kuma akwai 'yan tarkuna a cikinta da ba ma amfani da su. WhatsApp na ba ka damar tura wa kanka saƙo, ka karanta shi kamar wani ne ya turo maka kafin ka kai shi guruf. Facebook na da zaɓin da kai kaɗai za ka ga abin da ka wallafa, ka duba hoto da rubutu kafin ka buɗe wa jama'a. Gmail na ba ka har daƙiƙa 30 ka janye saƙo, in ka shiga saiti ka ƙara lokacin. Admin na guruf ɗin unguwa ko na makaranta zai iya buɗe wani ƙaramin guruf na mutum biyu ko uku, duk sanarwa mai nauyi ta fara bi ta can. Sanarwar rasuwa, neman taimakon kuɗi da lambar asusu, canjin ranar jarrabawa, duk waɗannan sun cancanci ido na biyu. Sau nawa muka ga an sanar da mutuwar mutum yana raye, ko an yaɗa lambar asusu da kuskuren lamba ɗaya?

Kada kuma ka dogara da cewa ai akwai gogewa. Kafin ka goge, wani ya riga ya ɗauki sikirinshot. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma tun kafin zuwan intanet suka faɗa.

Abokina dai ya koma kan aikinsa. Ya ɗora MailHog a kwamfutarsa, ya goge sunayen 'yan sashenmu daga wurin gwaji, ya cika shi da sunayen bogi. Da ya sake gwadawa, tarkon ya kama masa kurakurai biyu da bai san da su ba, ɗaya a lissafin kuɗi, ɗaya a haruffan Hausa. A wannan zangon da manhajar tasa muke karɓar kuɗin ƙungiya, kuma rasit na zuwa ga wanda ya biya kaɗai. Ni ma na je na ba ma'ajinmu haƙuri ido da ido, domin shi ya fi kowa shan zargi a kan abin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Idan kai ma ka taɓa tura saƙo inda bai dace ba, ko aka taɓa turo maka irinsa, ka ba mu labari, wataƙila wani ya tsira ta dalilinka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.